Masu aikin da ba su cikin kaye

Ƴan uwa mata, kowace ƙungiya tana da kayenta, kuma kowace mai zubi ta san layin da sunanta yake. Magatakarda ta kira, a amsa, a ajiye dala ashirin ko dala hamsin bisa tabarma, masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi kowa na ji, sannan a kulle asusu da kwaɗo uku. Wannan mun iya shi har ya zame mana jiki. Amma kuɗin nan, kafin su iso tabarma, sun bi ta hannuwa da yawa, kuma masu hannuwan ba su cikin kaye. Akwai ɗiyar da ke ɗaukar tire tun hantsi. Akwai yaron da ke yanko ciyawa yana ba rago ruwa. Akwai matar ɗa da ke zaune gaban kasko hayaƙi na cin idonta, da ƙanen miji da ke kora amalanke zuwa kasuwar Lahadi. A kansu muke son mu yi magana, don mun daɗe muna juya zancen a ƙungiyarmu nan Filinge, kuma mun ga bai kamata ya tsaya cikin tsakar gida ɗaya ba.

Abin da ya tada zancen shi ne bashin da ke maƙalewa. Duk wadda ta daɗe cikin asusu ta san irinsa. Mace ta ɗauki jika 30 don ta faɗaɗa sana'a, ta sayi gyaɗa, watan farko ta kawo riba lafiya lau, wata na biyu sai ki ga tana sunkuyar da kai in an zo kan sunanta. In aka bi sawu, ba kasafai ake tarar da ta ci jarin ba. Sau da yawa hannun da ke taya ta ne ya tafi. Ɗiyar ta bi wata gwaggo zuwa Yamai aikatau, ko yaron ya ji labarin zinariyar Jado ya kama hanya, ko ya bi abokai biɗa Kwatano ko Lome. Gyaɗa tana cikin ɗaki, kasko yana nan, mai sayen ƙuli-ƙuli ma yana nan a tasha, amma babu mai kai masa. Ita kuwa ribar asusu ba ta san ɗiya ta tafi ba, tana ƙaruwa abinta duk ƙarshen wata.

Akan ce yaran zamani ba su da haƙuri. Akwai gaskiya ciki. Sai dai mun tsaya mun tambayi kanmu, shin haƙurin me ake son su yi, kuma har zuwa yaushe?

Kafin mu kai can, a duba yadda kasuwa ta koma. Tsofaffinmu suna tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa gida biyu, aka wayi gari kayan kanti sun tashi. A lokacin abin ya zo sau ɗaya, mutane suka yi kuka, suka saba. Yanzu kusan kowace shekara da nata. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai ƙarshen 2020. A farkon 2020 aka hana yawo da moto a sassa da yawa na jihar Tilaberi saboda matsalar tsaro, sai masu zuwa cin kasuwa daga ƙauyuka masu nisa suka ragu, waɗanda suka zo kuma suna gaggawar komawa tun rana da sauran zafi. Bayan 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya sauka, hanyar Kwatano ta toshe, shinkafa da mai da sukari suka yi abin da kowa ta gani da idonta. Mai saye ya canza hali. Wadda take sayen kwalbar man gyaɗa a da, yanzu ƙullin dala biyar ko dala goma take nema, na miyar yau kaɗai, in ba ta samu wajenki ba ta wuce wajen mai man bido. Masu zuwa daga Yamai sayen cukun nonon shanun Azawak na yankin Tukunus sun fara ɗaga shi sama suna dubawa ko da rairayi, suna tambayar ko jiya aka shanya. Kasuwa ba ta tambayar ɗiyar wane ce ke, ba ta kuma jin cewa haka kakarki take yi. Wadda ta saurare ta ta ci, wadda ta toshe kunne ta koma gida da kayanta.

To, wa ke jin abin da kasuwa ke faɗi? Mai sana'a tana gida, tana fama da wuta da turmi da goyo. Wadda ke tsaye gaban mai saye, tana ganin yadda ya yamutsa fuska, tana jin ya ce na wance ya fi girma, ita ce ɗiyar tire. Kunnen sana'a duka yana jikin wadda ba ta da ko dala a ciki.

Wata cikinmu mai fura ce, a tashar motocin Yamai ake sayar mata. Ciniki ya yi ta raguwa wata biyu, ta zargi hatsi, ta zargi nono, har ta fara zargin wata maƙwabciya da sa hannu. Ashe direbobi ne suka maida tashi da sassafe, don su cinye kilomita kusan 180 ɗin nan su juyo kafin duhu. Lokacin da furarta ke isowa tasha, fasinja sun kusa Baleyara. Ɗiyar ta san haka tun ranar farko. Ba uwar ta faɗa wa ba, wata ƙanwar ubanta ce da ke cikin ƙungiyarmu ta ja ta gefe ta tambaye ta, sai ta ce: «Gwaggo, na sani tun watan jiya. Amma in na hwaɗa ma Inna, ni ɗai za a tayar da assalatu in yi daka, kuma ko dala ba ni gani. Gara in yi kurum.» Yarinya ƴar shekara goma sha biyar. Ba ƙarya ta yi ba, ba sata ta yi ba. Lissafi ta yi, irin wanda mu ma muke yi duk ranar taro, ta ga gyaran ba ya kawo mata komi sai ragin barci.

Da aka kawo labarin wajen taro, ba tare da an kama suna ba, sai aka rabu biyu. Wata dattijuwa da muke girmamawa ta ce: «Yanzu ɗiyar da na haihwa, ni biya ta? Wa ya biya ni nonon da ta sha?» Aka yi dariya, amma ba da wasa ta faɗa ba, kuma da yawa suna bayanta. Gani suke in kuɗi ya shiga tsakanin uwa da ɗiya, albarka ta fita. Wata kuma ta amsa mata cikin ladabi: «Iya, nono ba shi biyuwa, wanga kowa ya sani. Amma ke da kanki kin ba mu labarin gamanarki, da kuka sayi akuyar farko da waken da kunka noma ciki.» Iya ta yi shiru, ta gyara zaman kallabi.

Nan zancen ya juya, don maganar gamana ta tuna mana abin da kakanni suka riga mu sani. Gandu na mai gida ne, kowa yana noma cikinsa, daga rumbunsa ake ci. Amma ba su tsaya nan ba. Sun yanka wa mace gamanarta, sun yanka wa saurayi tasa, wasu wurare suna ce mata gayauna, kuma sun bar musu lokacin da za su yi aikinta. Abin da ya fito ciki na mai ita ne, ko ta sayar ko ta ajiye. Duk wadda ta taɓa noma ta san gamana ba ta kwana da ciyawa, ko da gandu ya kwana. Makiyayan da muke zaune da su cikin Dallol Boso suna da habbanaye: a ba mutum aron saniya, ta haihu a hannunsa, ƴaƴan su zama nasa, a maida uwar ga mai ita. Wa zai bar irin wannan saniya da ƙishirwa? Malamai ma suna da babi a kan abin, suna kiran shi kiradi. Ɗaya ya kawo jari, ɗaya ya kawo ƙarfinsa, a faɗi rabon riba tun kafin a fara, rabi ko kashi ɗaya cikin uku ko yadda aka shirya. In hasara ta zo ba da sakacin mai aiki ba, jari ne ke ɗaukarta, shi kuma ya yi hasarar guminsa. Ke nan ba Turawan furoje suka kawo mana maganar rabo ba. A gona da garke an san ta tun fil azal. Bisa tire da gaban kasko ne kawai ba ta samu shiga ba, wataƙila don aikin mata da ƴan mata ne, an saba kiran shi taimako.

Manyan ƴan kasuwa ma da haka suka tashi. Alhazan Maraɗi, waɗanda wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986, ƙarfinsu yana ga abin da suke kira arzikin mutane. Ubangida yana da barorinsa, suna yi masa tafiye-tafiye da saye da sayarwa, shi kuma yana ɗaukar nauyinsu, ya yi musu aure, in lokaci ya yi ya ba bara jari ya tsaya da ƙafafunsa. Bara yana aiki yana hangen ranarsa, don ya ga an yi wa na gabansa. A Kano, Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi suna da mutanen da yake ba jari suna saya masa gyaɗa gari-gari. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote, da ya fara kasuwanci wajen 1977, bashi ya karɓa daga dangin mahaifiyarsa, kuma ya biya. Gidan masu kuɗi ne, da sun so sai su ba shi kyauta. Sun zaɓi su ba shi bashi mai sharaɗi. Mu dai ba gidan Ɗantata muke ba, jarin wata cikinmu bai kai kuɗin takalmin direbansu ba, amma mun lura zumunci bai hana su faɗin magana a fili ba.

Akwai amsar da kusan kowace uwa take bayarwa, kuma ba ƙarya ba ce: kuɗin tallar ai na kayan ɗakinta ne nake tarawa. Gaskiya ne, gado da katifa da kwanuka da labule duk daga tiren nan suke fitowa, kuma uwar da ba ta tara ba ita ke shan kunya ranar jere. Amma a dubi abin ta wajen yarinya. Ba ta san nawa aka tara ba. Ba ta san inda yake ba. Ta ga an taɓa shi lokacin da ƙanenta ya kwanta asibiti, ta ga an taɓa shi lokacin da hatsi ya ƙare a watan bakwai, kuma ba wanda ya ce mata za a maida. Ba ta ƙi ba, ƙanenta ne. Sai dai alkawarin da ba a ƙirga ba, ba a ga ranarsa ba, ba ya tada mutum daga barci da asuba. Ga ƙawarta ta dawo daga Yamai da salula da atamfa biyu. Ba ta ba da labarin zagin da ta sha a gidan aikin ba, ba ta faɗi watannin da aka hana ta kuɗinta ba, salular kaɗai ake gani. Da ita tiren gidanmu ke gasa, ko mun so ko mun ƙi.

Mu da kanmu, me ya sa muka yarda muka ba asusu kuɗinmu? Tun da tsarin Mata Masu Dubara ya fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, har ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka, abin da ya riƙe shi bai wuce ƴan dokoki ba. Kowa ta san zubinta. Ana ƙirga gaban kowa. An san ranar rabo tun ranar farko. Mai riƙon akwati ba ta riƙon mabuɗi. Da shugaba za ta ce mu kawo kuɗi ta ajiye mana a ɗakinta, wata rana za ta yi mana alheri, ko ƴar uwarmu ce uwa ɗaya uba ɗaya, da ba ta ga ko dala ba. Abin da ba mu yarda a yi mana ba, shi ne ake sa ran yara su yarda da shi a gidaje da yawa.

Sai wasu cikinmu suka ce bari su gwada dokar asusu cikin gida. Ba dokar ƙungiya ba ce, wadda ta so ce ta yi.

Mai furar nan ta fara. Ta kira ɗiyar gaban gwaggonta, ta ce daga yau duk cinikin jika ɗaya, dala goma nata ne. Ana ƙirgawa kowace yamma bisa faifai. Rabi yarinyar ta riƙe, rabi ya shiga asusu, hannu na daban da uwar ke zubawa amma magatakarda ta rubuta sunan ɗiyar a gefe, kuma ita ke kawo kuɗin da hannunta ranar taro in ba ta lakwal. Ba a yi sati biyu ba yarinyar ta zo da shawara: a dama rabin furar tun dare ta kai tasha kafin motar farko, sauran rabin a bari sai azahar don masu dawowa daga kasuwar dabbobi. Ita ce kuma ta ce a rage girman curi a yi na dala biyar, don ƴan kamasho da yaran mota ba su iya na dala goma. Uwar ta yi gardama kwana biyu sannan ta bi. Ba mu ce ta yi arziki ba. Bashinta dai ya fita kafin rabo, kuma yarinyar tana nan.

Na rago ya fi wuyar lissafi, don kuɗin suna daɗewa kafin su dawo. Kun san Layya tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2024 da 2025 duk cikin watan Yuni ta faɗo, ke nan kiwon turke yana cin tsakiyar bazara, lokacin da harawa da dusa suka fi tsada, daji kuma ya zama fili. A irin wannan lokaci riba tana hannun yaron da ke fita neman kalgo da ƴaƴan gawo, yana lura ko rago ya rage ci, yana share turke. A ce an sayi ɗan rago jika 40, abincinsa ya ci jika 25, an sayar jika 85. Riba jika 20 ke nan. In yaro ya yi sakaci aka ƙara sayen harawa na jika 10, rabin ribar ya tafi ba tare da kowa ya saci komi ba. Wata cikinmu ta faɗa wa ɗan ƙanwarta da take riƙo, gaban kawunsa, cewa kashi ɗaya cikin huɗu na ribar nasa ne, bayan an cire kuɗin saye da na abinci. Daga ranar ya zama shi ke hana a sayi dusa da tsada. Shi ya je ya zauna wajen dillalai ya dawo ya ce farin rago mai tsayi masu Yamai ke so, a bar sayen mai baƙi-baƙi ko da ya fi araha. Sai kuma a 2025, gab da Layya, gwamnati ta hana fitar da dabbobi ƙasashen waje, fataken da ake jira ba su zo ba, kuɗin da aka sa rai bai samu ba. Rabon yaron ya zo ƙarami. Ya ɓata rai kwana biyu, amma bai ce an cuce shi ba, don da shi aka yi lissafin tun daga farko, kuma yana tsaye aka yi ciniki.

Kada mu sa ku ɗauka duk inda aka gwada an ji daɗi. A wani gida abin ya tada ƙura. Ɗiyar kishiya da ɗiyar mai sana'a duk suna talla, aka ba kowace rabo bisa cinikinta, sai ta bayyana an saba ba ɗaya unguwar ma'aikata da bakin asibiti, ɗaya kuma lungunan da ba kowa. Da babu rabo ba wanda ya damu. Da rabo ya zo, kishiya ta fito tsakar gida ta ce ashe haka ake yi tun da. Sai da shugabarmu ta shiga, aka shirya su riƙa musanya unguwa mako-mako. A wani gidan kuma mai gida ne ya ji labari ya ce in akwai rarar da za a ba yara, to akwai ta cefane, ya rage abin da yake bayarwa. Matar ta dakatar da tsarin, kuma ba mu ga laifinta ba, ita ta san gidanta.

Wani abu da ƙirga a fili ya tono shi ne bashin dangi. Kawu ya tare yarinya a hanya ya ɗauki ƙosai na dala ashirin ya ce a faɗa wa Inna. Yayanta ya ɗauki ƙuli-ƙuli ya ce shi da kayan gidansu. Mai gida ya yi baƙi ya aiko a zuba. Da yamma kuɗi ba su cika ba, yarinya ce ke shan faɗa, wani lokaci har da bulala, don ba ta iya buɗe baki ta ce Baba ne. Irin wannan ya fi rashin kuɗi kashe zuciya. Yanzu waɗanda suka shiga tsarin suna ba yarinya ƴar jaka ta biyu da tsakuwa: duk wanda ya ɗauka bai biya ba, ta jefa tsakuwa ɗaya kan kowace dala biyar, da yamma a ƙirga tsakuwa tare da kuɗi, ta faɗi sunan a hankali. Uwa ce ke zuwa biɗar kuɗin, ko ta yafe in ta ga dama, amma ba ya hawa kan yarinya. Wata ta ce da ta ƙirga tsakuwar mako ɗaya sai da ta zauna, don ta kusa kai zubinta na sati biyu.

Kuma ba kuɗi kaɗai ba ne. Mun tambayi ƴan matan da kansu, wata rana bayan taro, muka ce su faɗi ba tsoro. Abin da suka fi nanatawa ya ba mu mamaki. Ɗaya ta ce kada a zage ta gaban mai saye. Ɗaya ta ce in kasuwa ta kusa tashi a bar ta ta rage kuɗi ko ta yi gyara da ganin idonta, maimakon ta dawo da kaya su kwana su lalace a ce ita ce ba ta iya talla ba. Wata ta ce shekara huɗu tana kai man gyaɗa amma ba a taɓa nuna mata yadda ake gane suyar ta kai ba, kullum sai a ce ta matsa can. Wadda ta fi su ƙanƙanta cewa ta yi a bar ta ta huta ranar Juma'a da yamma. Duk cikin waɗannan babu wanda ke cin ko dala.

Ba mu iya biyan albashi, wannan a bayyane yake. Tun Janairu 2024 mafi ƙarancin albashi bisa doka a Nijar jika 42 ne a wata, kuma da yawa cikinmu ribarsu ta wata duka ba ta kai haka ba. Sana'ar da ta girma irin ta Hajiya Zeinabou Maidah, wadda ta kafa Niger-Lait a Yamai a 1994 tana ƙarama har ta zama masana'anta, ita ce ke da ma'aikata da takardun albashi. Tamu tana tsakar gida tukuna. Shi ya sa muka fi karkata ga rabo bisa ciniki ko bisa riba: in an samu a raba, in ba a samu ba kowa ya gani da idonsa. Sai dai akwai haɗari ɗaya da muke son a riƙe da kyau. Yarinyar da ta ɗanɗana kuɗin hannunta tana iya cewa lakwal ɓata lokaci ne, ko ta so ta kai dare a tasha don ta ƙara ciniki. A ƙungiyarmu mun yi magana ɗaya a kan wannan: cinikin lokacin karatu ba shi da rabo, na bayan magariba ma haka, kuma uwar da ta fitar da ɗiya daga aji don talla za ta ji daga bakin shugaba kafin ta sake ɗaukar bashi. Biyu sun ce mun shiga hurumin da ba namu ba. Aka kaɗa ƙuri'a, suka bi.

Abin da ya shiga dokar ƙungiya a wannan zagaye tambaya ɗaya ce. Da, in mace ta nemi bashi, mukan tambaye ta me za ta saya, yaushe za ta biya. Yanzu ma'ajiya tana ƙarawa: «Wa za shi yi aikin tare da ke, kuma mi an nashi ciki?» Ba a hana kowa bashi don amsarta, amma sai ta amsa gaban mutane.

Inda muka tsaya cik shi ne matar ɗa. Ɗiya tana iya kai kuka ga gwaggo, yaro yana iya kai wa kawu. Matar ɗa kuwa ita ce ta fi kowa aiki gaban wuta, kuma kunyar surukuta ba ta barinta ta ɗaga ido ta ce ina nawa. In uwar miji ta ba ta rabo, ƴaƴan gida mata su ce an fifita baƙuwa. In ta nemi ta ware nata kasko, a ce ta zo raba gida. Uku cikin ƙungiyarmu matan ɗa ne na wasu uku da ke zaune bisa tabarma ɗaya da su, kuma duk ranar da aka taɓo zancen sai su shiga gyaran goyo. Mun ji an ce a wajen Bonkuku, inda mata ke aikin dankalin Turawa da rani, akwai gidajen da uwar miji ke yanka wa matar ɗa nata fangali a lambu. In haka ne, muna roƙon ƴan uwa na can, da na Shikal da Tukunus da Abala, su aiko ta hannun mai tattara labaran wannan takarda su gaya mana yadda suke raba ruwa da taki da kuɗin iri, da kuma wanda ke riƙe kuɗin in an sayar. Taronmu na gamayya yana nan bayan girbin wake, kuma mun sa maganar a gaba.